Kano Ta Ce I

Zuwa ga ɗana Ɗanlami, wanda na ji yanzu har masu furfura suna ce wa ranka ya daɗe.

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya kai ka Kano lafiya, kai da iyalinka da kayanku, ya tsare motarku daga ramukan hanyar Wudil, ya tsare ka daga sharrin kujerar da za ka hau. Innarka tana gaishe ka. Ta ce in rubuta maka kada ka riƙa fita ofis ba ka karya ba. Na rubuta. Sauran takardar tawa ce.

Labarin gida ba sai na ba ka ba, yanzun nan ka fita daga cikinsa. Na so in yi maka wannan magana baki da baki. Sau uku ina zaunar da kai a zaure cikin makon nan, sau uku kana duban agogon hannunka kamar shi ya haife ka. To tunda ku manyan ma'aikata ba kwa jin magana sai an sa ta a takarda, ga takarda, na ba direba ya miƙa maka in kun sauka. Ka yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi a elemantare, na ukun ma sau biyu na yi shi, don malamin ya ce yana jin daɗin zama da ni.

Shekaranjiya kawunka Sale ya zo daga Toranke, a ƙasa, da wannan ƙafar tasa da ka sani. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, ya ce lafiya. Sai ya ɗauki sandarsa ya zana haruffa uku a ƙasan zaurena: K, I, V. Mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko, amma waɗannan ukun ya zana su tsaf, ya fi ni iya zana su.

Ya ce, "Garba, ka gane su?"

Na ce, "Yaya Sale, idona ya yi rauni kwanan nan."

Ya ce, "To bari in ƙara musu girma."

Ya share ya sake zanawa, kowane harafi kamar faifai. Sannan ya ce, "Na je ofis bin takardar rijiyarmu. Tanko masinja ya buɗe mini fayil ya nuna mini wannan da jar tawada. Ya ce hannun ɗanka ne, yana cikin aikinsa na ƙarshe kafin ya tashi. Ba faɗa na zo yi ba. Tambaya na zo: abin naku gado ne?"

Kada ka taɓa Tanko. Ya yi abin da ni na kasa yi ina kan bencinsa.

Ɗanlami, wai kai da wa ka yi shawara? Duk haruffan da Allah ya hore wa Bature, ka rasa waɗanda za ka ɗora a kan takardar mutanen Toranke sai waɗannan? Ka san duk Gaya ba mai kira na Garba Masinja, sai Kano-ta-ce-i. Ka san rabin labarin, wanda nake bayarwa a majalisa don a yi dariya. Yau ga ɗaya rabin.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ne. Ina masinja a ofishin Di'o, jami'in mulkin gundumarmu, da kakina, da jakar fata, da keke mai ƙararrawar da ake ji tun daga bayan gari. Rijiyar unguwar kakanka a Toranke ta rufta. Kakanka, uban innarka, shi ne mai unguwa. Ya sa aka rubuta takardar roƙon rijiyar siminti irin ta gwamnati, ya damƙa mini da hannunsa ya ce, "Kai ne namu a ciki." Na ɗora ta a saman duk takardun da ke kan teburin Di'o. Bayan kwana uku fayil ya fito da haruffan nan uku da jar tawada.

Taku uku ne tsakanina da teburin Malam Inuwa, babban akawu. Da na tambaye shi da an gama. Amma na riga na shaida wa duk ofis cewa ina jin Turanci. Duk abin da Di'o ya faɗa sai in ce "Yessa," ko zagina yake yi. Yaya mai Yessa zai je ya tambayi ma'anar haruffa uku? Kai ma kana gida lokacin, kana hutun makarantar midil, Turanci har yana zubo maka ta hanci. Kunya ta hana ni in nuna wa ɗan cikina.

Sai na zauna a gindin darbejiyar ofis na yi aiki da ilimina. K, na ce wannan Kano ce, ba shakka. I, ai ko jariri ya san i, kishiyar a'a. Na ƙarshen ne ya ɗan ba ni wahala, sai na tuna alamar da malami ke yi a littafi in yaro ya ci lissafi. Ban cika ganinta a nawa littafin ba, amma na sha ganinta a na maƙwabcina. Shi ke nan magana ta fito: Kano ta ce i, ga kuma maki. Wallahi har na ji tausayin malamin da ya maimaita mini aji, bai san irin kan da ya yi hasara ba.

Na hau keke. Tun daga gonakin bakin gari nake kaɗa ƙararrawa. Na tsaya a ƙofar gidan kakanka ko sauka ban yi ba na ce, "Kano ta ce i!" Mata suka rangaɗa guɗa. Kakanka ya sa aka yi shela kowa ya fito da jakinsa a tara duwatsu da yashi, tunda haka gwamnati ke so a tanada kafin ma'aikata su zo. Kawunka Sale ya yi mako biyu yana jigila. Akwai wani mahaƙin rijiya da suka riga suka kira, har ya haƙa ramin ya kai masa ƙugu. Da bakina na ce masa, "Malam, naɗe igiyarka, mu mun wuce nan, ta siminti za a yi mana." Ya dube ni, ya dubi kakina, ya fito daga ramin. Aka ba ni tukuicin rago. Muka yanka a gidan nan. Kai ka cinye ƙodar, in ka manta ni ban manta ba, don haka kada ka ce ba ruwanka.

Ga nasiha ta farko ke nan: ka yi tambaya. A inda za ka yanzu, ciwon ya fi na masinja tsanani, don ni mutum biyar nake jin kunya, kai ma'aikata guda za ka ji. Za su kawo maka takardun injiniyoyi da na likitoci, su tsaya a kanka suna jira, kowa ya ɗauka ka sani. Ranar da ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Ka kira ƙaramin akawu ka ce ya zauna ya koya maka. Zai yi gulmarka kwana biyu. Ni shekara goma sha biyar ana tawa.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, kuma shi ne ba na bayarwa a majalisa.

Da aka yi wata uku ba mota ba ma'aikata, sai na fara shakkar fassarata. Na je wurin Malam Inuwa ina sosa ƙeya na ce wani abokina ne yake tambayar ma'anar wasu haruffa. Ya sauke tabarau ya ce, "Gaya wa abokin naka, ma'anarsu a ajiye a inda ido zai riƙa gani." Na ce to alhamdu lillahi, ai abin kirki ne. Ya ce, "Zo ka ga inda ido ke gani." Ya buɗe ƙasan kabad ɗin bayan ƙofa, inda ko ɓera sai ya yi lalube. Fayil a kan fayil, gara ta ci wasu. Namu yana sama, don shi ne sabon zuwa. Ya ce, "Ba a ce i ba, ba a ce a'a ba. An ce a kwanta. Kuma Kano ba ta ma san da ita ba, takardar ba ta taɓa fita daga ɗakin nan ba."

Abin da ya kamata, in hau keke a ranar in je in ce na yi kuskure, ku kira mahaƙi. Tafiyar rabin yini. Shekara biyu na yi ban yi ta ba. In aike ya kai ni wajen Ajingi, kusa da Toranke, sai in zaga ta wata hanya, in cusa tsumma a ƙararrawa. In na haɗu da mutanen Toranke a kasuwa sai in ce, "Ana dubawa." In sun matsa in ce, "Takarda tana Kano, kun san Kano." Na iya wannan magana har ta zame mini kamar amsa sallama.

Su kuwa suna jira. Ba wanda zai haƙa rijiyar gargajiya alhali ta siminti tana hanya, ai raina gwamnati ne. Mata suna ɗiban ruwan kududdufi. Da damina ta biyu kurkunu ya kwantar da rabin unguwar. A gwiwa ya fito wa kawunka Sale, ya yi damina guda a kan tabarma yana kallon ciyawa tana cinye gonarsa, ƙafar kuma ba ta sake miƙewa ba. Wannan ɗingishin da kuke gani kuna cewa na tsufa ne, ba na tsufa ba ne. Nawa ne.

Da kakanka ya kwanta ciwon ajali na je gaishe shi, don wannan ba ta zagayuwa. Tsibin duwatsun yana ƙofar gida, ciyawa ta fito a kansa, awaki suna hawa. Ya kama hannuna ya ce, "Garba, Kano da nisa haka?" Na ce, "Baba, ana hanya." Abin da na gaya wa surukina ke nan kwana huɗu kafin ya rasu. Na nemi gafarar Allah a kan abubuwa da yawa, wannan ce nake maimaitawa kullum.

Ba ni na tona kaina ba ma. Kawunka ne ya ɗingiso har ofis, Malam Inuwa ya buɗe masa kabad. Labari ya iso kunnen innarka. Wata guda tana ajiye mini ruwan alwala rabin buta, in na yi magana ta ce a Toranke ma haka ake lallaɓawa. Suka nemo mahaƙin nan ya haƙa musu ta gargajiya, wadda har yau take ƙafewa duk bazara, take zubewa duk damina. Ita ce dalilin takardar da ta zo teburinka.

To ga ta biyu, ka buɗe kunne: a'a ma kyauta ce. Wanda ka ce wa a'a zai zage ka a hanya, ya isa gida ya ɗauki diga. Wanda ka ce wa ana dubawa ka ɗaure masa hannu ka tafi da igiyar. Di'o bakwai na yi wa aiki, Turawa da namu. Akwai wani gajere mai baƙin rai, Hausarsa kamar ana jan tebur a siminti. In an kawo abin da ba zai yiwu ba sai ya fito da kansa bakin ƙofa ya ce, "Babu. Ku haƙa naku." Mun tsane shi ƙwarai. Ƙauyukan da ya kora har yau suna shan ruwan rijiyoyin da suka haƙa don haushinsa. Akwai kuma wani mai fara'a, ɗan mutanenmu, kowa ya shiga sai ya fito yana sa masa albarka, kowa an ce masa za a duba. A zamaninsa aka sayo kabad na biyu.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka tun ba haƙori a ciki. Za ka ce, "Baba, ka'idar aiki ce." Za ka ce Toranke dangin uwarka ne, in ka sa hannu a ce ka yi son kai, in ka ƙi a ce ka yi butulci, shi ya sa ka kwantar da ita. Na gane. Har na ɗan ji daɗi da ba ka zama irin masu kwashe komai su kai garinsu ba. Amma kada ka ruɗi kanka, wannan ba gaskiya ba ce, tsoro ne ya sa babbar riga. Ni na san shi, na sa masa kaki shekara biyu. In kana ganin hannunka bai dace da takardar ba, ka miƙa wa wani ka rubuta a fili cewa dangina ne, a yanke ba da ni ba. In layinsu bai zo ba, ka faɗa musu bai zo ba, da shekarar da kake zaton zai zo, ko ka ce ba ka sani ba. Ban roƙe ka rijiya ba. Ka sake karanta wannan layin. Ban roƙe ka rijiya ba, kuma in ka ba su don ni alhali akwai waɗanda suka fi su ƙishi, ban yafe ba. Amsa na roƙa.

Sauran ƙananan kurakuraina ba za su shiga takarda ɗaya ba, amma ga guda, tunda ta shafi inda za ka. Na daɗe ina zaton ni ake gaisarwa. In na ratsa kasuwa masu goro suna miƙo mini, dattawa suna sauka daga jaki. Ranar da na mayar da kaki da jaka na fito cikin rigata, na bi ta hanyar da na saba, sai na ga duk sun koma gaida Tanko. Ashe jakar ake gaisarwa, ni ratayenta ne kawai. Kai ma za ka samu naka: mota, da gida mai lambu, da mutum a ƙofa yana tace masu ganinka. Bara muna zaune gindin rediyo muka ji ana jero sunayen manyan ma'aikatan da aka sallama, wasu da laifi wasu Allah kaɗai ya sani, mutanen da a da sai an yi mako ana bin sawu kafin a gan su. Wasunsu a rediyon suka fara ji, kamar mu. Kujerar aro ce. Abin da zai biyo ka gida shi ne abin da ka rubuta kana kanta.

Kuma ka riƙa tunawa, duk abin da ka rubuta da jar tawadar nan, akwai wani Garba a bakin ƙofa da zai fassara shi. Ba ya cikin ɗakin da kuka yi shawara, bai san Turancinku ba, ga kunya, ga keke. Ka kira shi ka gaya masa da Hausa abin da ka ce. Minti ɗaya ne a wannan agogon da kake ƙauna.

Kada ka ɗauka ba na alfahari da kai. A bayan kekena na kai ka tashar motar zuwa midil, akwatinka a kaina, ina tuƙi da hannu ɗaya. Da ka tafi Zariya koyon aikin mulki na gaya wa duk wanda ya tsaya, har da waɗanda suka tsaya don tambayar hanya. Da aka dawo da kai Gaya mataimakin Di'o, ka zauna a ɗakin da na yi shekara ashirin ina shiga ba takalmi, na koma bayan gida na yi kuka, na ce wa innarka hayaƙi ne. Yanzu an ce mataimakin babban sakatare, a ma'aikatar da rijiyoyin jiha duka ke ƙarƙashinta. Daga nan sai babban sakataren kansa in Allah ya so. Shi ya sa abin ya ƙona mini rai. Ni na yi da jahilci. Kai da ka san ma'anar haruffan fa?

Ka ga inda abin ya juyo. Da na ce Kano ta ce i, ƙarya na yi, Kano ba ta san da mu ba. Yau Kano ni na raɗa mata suna, na san inda aka binne cibiyarta, na san ta ci ƙodar ragon Toranke. Ba sai fayil ya bi ka ba, layi ɗaya za ka rubuto a fito da shi daga kabad.

Ban ƙarasa maka zancen kawunka ba. Da ya ƙara wa haruffan girma, na daina wasan ido. Na ce, "Yaya Sale, ma'anarsu an kwantar da takardarku. Ba a ce i ba, ba a ce a'a ba." Ya ce, "Na sani. Na daɗe da sani. So nake in ji daga bakinka, ko sau ɗaya." Sannan ya karɓi ruwan da innarka ta kawo, wanda tun zuwansa yake ajiye. Ya ce bazara ta kusa, in babu su sani, su nemi mahaƙi tun ƙasa ba ta yi tauri ba. Zai dawo kasuwa biyu masu zuwa. Na hana shi. Na ce wannan karon ni zan je.

Don haka ka aiko mini kafin nan. Da hannunka, ba da keken rubutun ofis ba, da Hausa, da manyan haruffa yadda ba zan samu abin fassarawa ba. In i ce, harafi ɗaya ne. In a'a ce, ban ce za su yi guɗa ba, amma zan hau keken nan, ƙararrawar ma ta daɗe da faɗuwa, in je in tsaya kusa da tsibin duwatsun in faɗa da ƙarfi, in kuma riƙe igiya in mahaƙi ya shiga rami. Abin da ba zan ƙara kai wa Toranke ba shi ne ana hanya.

Allah ya tsare ka a fitarka da shigarka, ya kare ka daga masu yi maka dariya a gaba, ya ba ka ƙarfin cewa ban sani ba da ƙarfin cewa babu. Allah ya sa ka sauka daga kujerar da ƙafarka, mutane suna gaishe ka kai, ba jakarka ba. Allah ya raya mana jikokinmu, ya yi maka albarka. Amin.

Haruffan suna nan a ƙasan zaure. Na ɗauko tsintsiya innarka ta ƙwace. Ta kife musu babbar ƙwarya don kada kaji su tone, ta ce ba mai share su sai amsarka ta zo. Kullum sai na tsallake su in zan fita masallaci, baƙi kuma suna tambaya me aka rufe. Ka taimaki tsohonka, ƙarya ta ƙare mini.

Ni ne mahaifinka,
Garba, tsohon masinja, wanda ka san sunan da ake kiransa.